Carbin Rahima

A unguwar da ke bayan tashar jirgin Nguru, in ka ce Yagana kawai, sai a tambaye ka wacce. Ka ce Yagana mai randa, kowa zai nuna maka gidan. Shekara talatin randarta na ƙofar gida, moɗa a kan murfi, mai wucewa ya sha ya ƙara gaba. Ita a ganinta duk wata damuwa ƙishirwa ce. Mai fushi a ba shi ruwa, mai kuka a ba shi ruwa, baƙo kuwa ba ya buɗe baki sai ya kurɓa.

Autarta Rahima tana jami'a a Gashuwa. Hutun ƙarshe da ta zo da ƙafarta, ta taho da wani tsiro a gwangwanin madara, igiyoyi-igiyoyi masu zubowa ƙasa, ganyensa ƙwallaye koraye kamar 'ya'yan carbi. Yagana ta yi ta mata tsiya, wai an tura ta neman ilimi ta dawo da ciyawar da ko akuya ba za ta kalla ba. Rahima ta rataye abinta a rumfa tana dariya.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Likitoci suka ce a taƙaita mata ruwa, kofi ɗaya wuni guda. Wata huɗu Yagana mai randa tana auna wa 'yar cikinta ruwa da cokali, Rahima na bin ta da ido, leɓe a bushe. Wannan ya fi komai cin ran Yagana, har yau. Rahima ta rasu da bazara.

Daga sadakar uku, tsiron ya zama carbin Rahima, kuma Yagana ta ƙudurta ba zai mutu ba. Duk alwala sai ta juye masa ragowar buta, sau biyar a rana. Ƙwallayen suka yi laushi, suka fara zubewa. Ta ce zafin Nguru ne, ta ƙara masa.

Juwairiyya, ƙawar Rahima da suka zauna ɗaki ɗaya a Gashuwa, ta zo gaishe ta. Ta tona ƙasar gwangwanin, ta zaro saiwa baƙa mai wari, ta rasa ta inda za ta fara. A hankali ta gaya mata cewa irin wannan tsiro ruwansa na cikin ganyensa, yawan ban ruwa ke ruɓar da shi. Igiya ɗaya ce ta rage da rai. Ta tsinko ta, ta kwantar da ita a kan busasshen yashi cikin kasko.

"Iya, sati biyu kada ki ba shi ko ɗigo. In kin daure zai kama."

Yagana ta daɗe tana kallon kaskon.

"Shi ma in hana shi?"



Yau kwana tara ke nan. Bayan kowace alwala Yagana takan tsaya a rumfa da buta a hannu, ta jima, sannan ta wuce ta zubar da ragowar a gindin darbejiya.