Kafaɗar Malachy Tierney

A duk yankinmu na Leitrim, ba a binne mutum yadda ya kamata sai Malachy Tierney ya sa kafaɗa. Shi ba dogo ba, ba gajere ba, kuma sirrinsa ke nan. Mutum shida ke ɗaukar akwatin gawa daga coci zuwa maƙabarta, idan tsayinsu bai zo ɗaya ba sai mamaci ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a karkace. Malachy kuwa duk inda aka saka shi, akwati zama yake daram. Shekara arba'in yana tatsar shanu da safe, ya saurari sanarwar rasuwa a rediyo da kofin shayi a hannu, ya zari baƙar kwat ɗinsa ya fita. Ya san mamacin, bai san shi ba, duk ɗaya. Masu baki na cewa miya da burodin da ake rabawa bayan binnewa ke kai shi. Sharri suke masa, amma ba duka ba.

Wadda ta sha wahalar wannan hali ita ce matarsa Breda. Kwana biyu da fara yawon amarcinsu ya juyo da mota, wai ƙanin kakan maƙwabcinsu ya cika. Tun daga nan ba ta sake kwana a gadon da ba ita ta gyara ba. Saboda haka ranar da aka sayar da shanun, ta shimfiɗa taswira a teburin kicin ta danne ta da butar shayi.

"Kwana bakwai, Malachy. Tsofaffin fadoji, bakin teku, soyayyen kifi. Ka bi gawa ko ɗaya, wallahi bas zan hau zuwa gidan yayata a Sligo, ka nemi mai dafa maka dankali."

"Haba Breda, sai ka ce wani maye."

"Maye ai yana hutu. Ka yi alkawari?"

Ya yi. Da ta shiga haɗa kaya, ya lallaɓa ya cusa baƙar kwat ɗin a but ɗin mota, ƙarƙashin safayar taya. Shi dai ya ce wa kansa saboda sanyi ne.

Kwana huɗu ya daure. Ta hana kunna rediyo. Ta saya masa rigar ruwa rawaya mai ɗaukar ido, wadda ake hangowa daga tsallaken kogi, ta ce ko ya sulale za ta gan shi. A Cashel, mutane na ɗaga kai suna kallon hasumiya, shi yana sunkuye yana karanta duwatsun kaburbura, yana jin haushin ya makara da shekara ɗari uku. Amma ya ga yadda Breda ke dariya a bakin ruwa, iska na wasa da furfurarta, sai kunya ta kama shi. Ashe haka take dariya, shi bai sani ba.

Rana ta biyar suka isa wani ƙaramin garin masunta a yammacin Cork, mai tsohuwar fada a kan dutse. Suna can ƙoli, yarinyar da ke zagayawa da baƙi tana ba da labarin wani yaƙi, sai ƙararrawar coci ta buga a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Malachy ya leƙa ta siririyar taga. Ga motar gawa a ƙofar coci, ga maza tsaye cirko-cirko suna kallon juna. Ya ƙirga su. Biyar. Ya sake ƙirgawa, bai samu na shida ba.

"Gwiwata ta motsa," in ji shi. "Bari in jira ki a ƙasa."

"Ayya, sannu. Sauka a hankali," in ji Breda, ko kallonsa ba ta yi ba.

Mai ciwon gwiwa ya sauka matakala tamanin kamar ɗan akuya. Ya buɗe but, ya ɗaga taya, wayam, babu kwat babu alamarta. Ya tsaya jim. Ga alkawari, ga bas ɗin Sligo, ga kuma mutum biyar a ƙarƙashin akwati. Haka ya nufi coci da rawayar rigarsa.

Mamacin wani tsoho ne, Con Harrington, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana shimfiɗa kwalta a Ingila, ba mata ba ɗa, aka dawo da shi gida a akwati. Masu ɗaukar ma limamin cocin ne ya tattaro su daga tashar jiragen kamun kifi. Ba wanda ya tambayi Malachy sunansa. Suka dubi kafaɗarsa, suka matsa masa.

Con ya tafi a miƙe sambal. Da aka gama addu'a a bakin kabari sai aka yi tsuru-tsuru, domin lokacin gaisuwar dangi ya yi, kuma babu dangi. Nan ne aka ji takun takalmi a kan tsakuwa. Breda ce, ta yafa baƙar kwat ɗinsa da ta cire daga but ta ɓoye cikin akwatin kayanta tun ranar farko, don an fara yayyafi. Masuntan nan suka ga mace cikin baƙi, suka cire huluna, suka jeru.

"Sannu da haƙuri, baiwar Allah."

Malachy ya buɗe baki zai gyara musu, ta harare shi ya rufe. Ta karɓi hannu biyar, da na limami shida, tana godiya a madadin mutumin da ba ta taɓa gani ba.

A hanyar fita ya kasa haɗa ido da ita.

"Bas ɗin... ƙarfe nawa yake tashi?"

"Ya tashi ina tsaye ina karɓar gaisuwa. Tun daga sama na ƙirga su, tsohon banza, kafin kai ma."

Suka ɗan taka. Sai ta riƙo hannun rawayar rigar.

"Amma ka ji da kyau. Ranar tawa jana'izar, ba ruwana da wai miji a baya yake tafiya yana share hawaye. Kai za ka shiga wajen kaina. Kada ka bari in tafi a karkace."

Malachy, wanda ya ɗauki mutum ɗaruruwa idonsa a bushe, ya ce iskar teku ce ta shigar masa ido.