Ruwan da Na Zubar a Bakin Ramin Wahba

Ranar wata Alhamis ce ta watan Sha'aban, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, na tsugunna a bayan motar Babanmu a bakin ramin Wahba, na kwance murfin wani babban fulas na ƙarfe, na tuttular da ruwan cikinsa a gindin wata ƙaya. Ƙasar wurin baƙar tsakuwa ce, ta shanye shi kafin in ƙifta ido. Zuciyata fara tas, don a ganina na tsamo Baba da ƙanena Bilal daga halaka. Ruwan ba namu ba ne. Na Ammu Shanti ne, wato baffa Shanti da Larabci, wani tsoho ɗan Indiya maƙwabcinmu, kuma da shi muka dogara mu huɗu da za mu gangara cikin ramin nan da tsakar rana.

A unguwar Waziriyya aka haife ni, cikin birnin bakin teku da ke kusa da Makka, a wani tsohon bene mai hawa uku da kowane ɗaki ke da nasa yaren. Mu Hausawa muna can sama kusa da rufi, inda muke shanya, muke zana layin 'yar gala-gala da gawayi, muke tsallen igiya har sai kakarmu Sitti ta leƙo ta ce za mu rufto mata da gini a ka. Baba direba ne a wani shagon yadi a kasuwar Bab Makka. Ammu Shanti shi ne masanin yadin shagon, wanda in ya murza ƙyalle da yatsu biyu zai faɗa maka garin da aka saƙa shi. Kafilinsu, wato ubangidan da ya tsaya musu a kan takardun zama, ɗaya ne da Baba, shi ya sa ya kama ɗaki a ƙasan benenmu. Addininsa Jain ake kiransa, amma mu yara ina ruwanmu da suna, "mai gumaka" muke ce masa a ɓoye. Ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, ba ya cin albasa ko dankali. Da zarar rana ta faɗi, ko ɗigon ruwa ba ya wuce maƙogwaronsa sai ta sake fitowa. In yana tafiya kansa a ƙasa kamar wanda allura ta ɓace wa, wai kada ya taka kiyashi. Na taɓa ganinsa ya ɗauko kyankyaso a kan takarda ya kai shi waje yana lallashinsa. A bangon ɗakinsa akwai hoton wani tsauni da fararen gine-gine masu tsini suka cika kansa maƙil. Jarumtarmu a lokacin ita ce mutum ya sauka da gudu ya taɓa ƙofarsa ya dawo bai waiwaya ba, kuma ni ce na fi kowa tsoro.

Abin da ya fi tayar min da hankali ruwansa ne. In tankar ruwa ta zo unguwa, aikina ne jigilar bokiti zuwa sama, don haka kullum sai na gan shi tsugunne a gaban durom ɗinsa. Sai ya ninka wani farin ƙyalle biyu, ya tace ruwa a ciki, sannan ya juya ƙyallen ya ɗauraye shi a hankali cikin durom ɗin, bakinsa yana motsi. To ni jikar Sitti ce. Na san yadda ake wanke allo a ba mutum rubutu ya sha, ni ma an ɗura min ba adadi, na haddar karatu da na maganin baki. Ga ƙyalle, ga wanki, ga motsin baki: me ya rage? Na yanke wa kaina hukunci cewa rubutun gumaka ne, duk wanda ya sha ya bar Musulunci ke nan. Sitti ta sha faɗa mana in za mu fita, "Ku kula da abin da kuke sa wa ciki, daga nan yake hawa zuciya." Ita cingam ɗin baƙi take nufi, ni kuwa na ɗauka na kai inda ba ta aike ni ba. Ban tambayi kowa ba, kuma abin da ya cuce ni ke nan.

Ammu Shanti mutum ne mai son tsofaffin wurare da ba kowa ya damu da su ba. Duk ranar hutu sai ya roƙi Baba ya kai shi wata tsohuwar rijiyar mahajjata, ko rusasshen sansani a kan dutse, ko inda mutanen da suka yi zane a jikin fa. Baba yana yi masa tsiya, yana cewa mutane na zuwa bakin teku shan iska, shi kuma sai gaida kufai. Wannan karon Umma ta yarda a tafi da ni da Bilal, mai shekara shida. Muka fita bayan sallar asuba, muka bi hanyar da ke kewaye Makka saboda shi ba Musulmi ba ne, muka wuce Ɗa'if, muka yi ta tafiya cikin fili har duwawu ya mutu. Da muka isa na leƙa. Rami ne wanda in aka zuba unguwarmu duka a ciki ba za a san an zuba komai ba, bangonsa a miƙe, can ƙasa kuma fari fat kamar an shimfiɗa likkafani. Babu kowa, babu ko tsuntsu. Baba ya ce jarkarmu ta yi nauyi, a bar ta a mota, a riƙi fulas ɗin Ammu tunda ruwansa da sanyi, ya aike ni in ɗauko. Nan na aikata abin da na aikata. Niyyata in cika fulas ɗin da ruwan jarkarmu, sai na ji ƙarar makulli, Baba ya rufe motar yana cewa, "Yalla, Hauwa, rana na yi!" Ɗan guntun da ya rage a gorata ta makaranta na juye a ciki, na rungume fulas ɗin na hana kowa ɗauka, har ana yaba min ƙoƙari.

Gangara ba ta yi wuya ba, duk da tsakuwa na zame mana. Bilal yana ta tsalle kamar ɗan akuya. A ƙasa muka tarar farin nan gishiri ne, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, hasken yana soke ido, zafi kuma ta sama ta ƙasa. Muka yi yawo har tsakiya. Sai Baba ya miƙo hannu ya ce in kawo ruwa. Wallahi har yau ina jin ƙarar ɗan ruwan nan da ya kaɗa a gindin fulas. Baba ya girgiza shi, ya dube ni. Na ce murfin ne bai rufu ba. Bai yi faɗa ba, sai fuskarsa ta canza irin yadda ban taɓa gani ba, kuma a ranar na fara sanin ashe Baba ma yana jin tsoro. Ya ba Bilal guntun, ya ce mu juya yanzu-yanzu.

Sai hanya ta ɓace mana. Daga ƙasa duk bangon iri ɗaya ne. Sau biyu muna hawa muna cin karo da dutse a tsaye, mu sauko mu sake lale. La'asar ta yi, harshena ya zama kamar busasshiyar fata. Bilal ya yi kuka har ya gaji, sannan ya daina, kuma shirun nan ya fi kukan ban tsoro. Jikinsa ya yi zafi rau, ba gumi ko kaɗan, idonsa yana lumshewa, Baba yana kiransa ba ya amsawa. Sai Ammu Shanti ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar kwalba, ba ta fi kofin shayi biyu ba, ruwan da ya keɓe wa kansa na kafin faɗuwar rana. Tun safe bai sha komai ba. Ya miƙa wa Baba. Ban san lokacin da na daka tsalle na riƙe hannun Baba ba, ina ihu, "Kar ka ba shi! Rubutun gumaka ne! Shi ya sa na zubar da wancan!" Baba ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya ce bismillah, ya ɗiga wa Bilal a baki. Sauran ɗigon Ammu ya jiƙa farin ƙyallen nan nasa da shi, ya ɗora wa yaron a goshi. Can Bilal ya yi tari, ya buɗe ido, ya ce yana son Umma.

Da ƙyar muka gano hanyar gaskiya, amma ba mu kai rabi ba ƙafafun tsohon suka ƙi. Ya zauna a kan wani dutse yana numfashi da baki, leɓensa ya tsage. Baba ya goya Bilal, ya ce zai kai shi mota ya dawo da jarka, ni in zauna kada in motsa. Aka bar ni da mutumin da ko ƙofarsa ba na iya taɓawa. Muna fuskantar yamma, rana tana gangarowa kan bakin ramin na can tsallake, ni kuma na san dokarsa sarai: in ta faɗi, shi ke nan, ba zai sha ba sai gobe, kuma ko ni yarinya na ga ba zai kai goben ba. Ni na zubar da ruwansa, ƙanena ya shanye ragowar. Na karanta duk surar da na haddace, na koma farko. Na roƙi Allah ya riƙe rana, ina kuka ba hawaye don babu ruwan yin su. Kansa ya fara langaɓewa, sai na matsa na tallafe shi da kafaɗata. Ya buɗe ido ya ce da 'yar Larabcinsa ta kasuwa, "Kada ki ji tsoro, 'yata." Ni kuwa a lokacin tsoron nawa ya riga ya sauya, ba shi nake tsoro ba, mutuwarsa nake tsoro.

Gindin rana ya taɓa dutse ke nan na ji tsakuwa tana gangarowa, sai ga Baba da jarka a kafaɗa, gwiwarsa tana jini. Ya kafa wa Ammu bakin jarkar, tsohon ya kau da kai. Ba a tace ba, ƙyallensa kuma yana can sama a goshin Bilal. Baba ya fashe, da Hausa da Larabci a haɗe: "Kai wane irin mutum ne? Mutuwa za ka yi a hannuna!" Ni dai ban yi shawara da kowa ba. Na fizge farin ɗankwalina, na ninka biyu yadda na sha gani daga kan matakala, na ɗora a bakin 'yar kwalbarsa, na ce Baba ya zuba. Ya sha, muka sake cikawa, ya sha, har sau uku, idona a kan rana, rabinta ya nutse. Sannan ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya nuna min in juya ɗankwalin in ɗauraye shi cikin jarkar da ɗan ruwan da ya rage a kwalba. Na yi, da hannuna, abin nan da na ɗauka tsafi ne. Ya ce, "Akwai masu rai a ciki, ƙanana, ido ba ya ganinsu. Ana mayar da su gidansu." Iyakar rubutun ke nan.

Baba bai doke ni ba, da ma ya doke ni da na fi samun sauƙi. Sitti da ta ji labari ta tafa hannu ta yi salati, ta ce, "Rashin sani ya fi dare duhu," washegari kuma ta dafa shinkafa da wake ba albasa ta ce ni zan kai masa, in ƙwanƙwasa ƙofar kamar 'yar mutane. Bayan 'yan shekaru ya tattara ya koma ƙasarsu, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Na girma, na yi aure, har jinyar maigidana ta kai mu Indiya. Da ya sami sauƙi na matsa masa sai mun je Palitana, garin tsaunin nan na cikin hoto. Na yi sallata a masauki, na kama matakala sama da dubu uku, ina hutawa ina haki, tsofaffi cikin fararen kaya suna wuce ni, kansu a ƙasa suna duba inda za su taka. A sama na bar takalmina a ƙofa, na tsaya a tsakar gida ina kallon farin dutsen da aka sassaƙa kamar leshi. Ban shiga can ciki ba, ba addinina ba ne, amma ban ji tsoron komai ba. Fuskokin tsofaffin na yi ta bi da kallo, alhali na san lissafin shekaru ba zai bar shi a raye ba.

Yanzu an ja katanga a bakin ramin Wahba, an yi rumfuna, matasa suna zuwa ɗaukar hoto da ruwan roba a hannu. Benenmu na Waziriyya ya sauya mutane, ba mai jigilar bokiti, Bilal kuma ya zama uban 'ya'ya, ya rantse ba ya tuna komai sai farin gishiri. Ɗankwalin yana nan a ƙasan akwatina, ya yi ja don tsufa. Na ba tsohon nan ruwa, na kai masa abinci, amma har ya tafi kunya ba ta bar ni na ce ya yafe min ba.