Yau na yi ciniki da bakina a kasuwar dabbobi

'Yan uwa, ku aje abin da kuke yi ku ji wannan!

Kun san kiwon raguna nake. Shekara uku kawu ke saya mini, don dillalai ba sa ciniki da mace. Yau kawu ya yi tafiya, na hau kabu-kabu na je da kaina.

Wani dillali ya dube ni sama da ƙasa. "Hajiya, koma ki turo maigida. Nan ba wurin mata ba ne."

Na ce, "To, Malam. Amma wannan ragon shekararsa nawa?"

"Ɗaya da rabi."

Na kama haɓar ragon, na buɗe bakinsa. Haƙora duk sun cinye! Na ce, "Wannan ai ya girmi autana, kuma autana yana lakwal, makarantar boko!"

Wuri ya kaure da dariya!

Mai ragunan, wani dattijon Buzu daga Takanamat, ya miƙe ya karɓe igiyarsa daga hannun dillalin. Ya ce, "Gaskiyarki, ɗiyata. Zo ki zaɓi matasan."

Yanzu haka raguna huɗu na ɗaure a gidana! Dattijon ya ce daga yau in riƙa zuwa wurinsa kai tsaye, har da ƙawayena.

Wa za ta bi ni ran Lahadi?