Gyaɗar Iya Kulu a Ɗakin Kwamfuta

A gidanmu na ƙauyen Fulatan, idan kaka ta yi, ba a ba yaro tatsuniya kyauta. Da an sauke tuwo an yi sallar magariba, kakarmu Iya Kulu za ta jawo kujerarta gefen murhu, ta zazzage mana gyaɗa a kan tabarma, ta ce kowa ya sa hannu. Idan ɓara ta tsaya, ita ma bakinta ya tsaya. Mu bakwai ne jikokinta a lokacin, kuma ni ne sarkin ci, in ɓare biyu in jefa ɗaya a baki. Tana kallona sarai. Sai ta ce, "Maigida, ba ka kawo cefane ba, kuma ka zauna kana cinye min iri? Gobe zan kai ƙararka gun dagaci." A yi ta min dariya, ni kuwa ko a jikina.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Za ta ƙwanƙwasa gyaɗa ɗaya a bakin ƙwarya ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa, a ba ta wuri?" Mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo, an yi shimfiɗa!" A cikin baƙin nan nata akwai wadda ta fi maimaitawa har muka gaji da ita, wato ta Gafiya da Kurege da Bushiya.

Wai su ukun sun yi kalar gyaɗa a gonar wani mutum, kowa ya samu rabonsa. Gafiya ta haƙa rami ɗaya makeke, ta zuba nata duka, ta kwanta a kai. Kurege ya ce wannan wauta ce, ya raba tasa gida uku: gindin tsamiya, bakin rafi, da ƙarƙashin suri. Ita ma Bushiya gida uku ta raba, sai dai duk ranar kasuwa za ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da 'yan gajerun ƙafafunta, ta tone, ta ɗauki ƙwaya guda ta tauna, ta mayar da ƙasa. Kurege yana kan reshe yana yi mata ba'a, wai ta ajiye abu amma ta kasa barinsa ya huta.

Da ruwan farko ya sauka, sai ya cika ramin Gafiya, ta fito da ƙyar da ranta. A nan Iya take tsayawa, ta tura itace cikin wuta, ta tambaye mu, "To, wa ya fi wayo?" Mu ce Kurege. Ko bayan mun san ƙarshen labarin haka muke cewa, don mu ji ta yi tsaki. "Ku dai yaran nan akwai gaggawa," in ji ta. Kurege ya je gindin tsamiya ya tarar gyaɗar ta ruɓe. Ya je bakin rafi ya tarar ta tsira tun tuni ta bushe. Ya ruga ƙarƙashin suri, ga gyaɗa nan lafiya lau a ido, amma da ya fasa sai iska, gara ta cinye ciki ta bar masa ɓawo. Bushiya kuwa ta daɗe da gane ramin da ya fara lalacewa, ta sauya wuri. Ita ta ciyar da su biyun har kaka ta zagayo. Sai Iya ta karkaɗe zaninta ta ce, "Baƙuwa ta tafi. Wanda ya ci ƙwaya ya kwashe ɓawo." Ni ake nufi.

Sai da na yi wayo na lura ashe labarin kanta take ba mu. Irin gyaɗarta bai taɓa kwana wuri ɗaya ba. Kashi ɗaya yana rumbu, ɗaya a cikin tulu da toka an liƙe bakinsa a ɗakin girki, na ukun kuma takan ɗora wa babanmu a keke ya kai gidan ƙanwarta a Yola ta Karaye. Idan bazara ta matso, za ta ɗebo kaɗan daga kowanne, ta ƙulle a tsumma mai laima, ta tura ƙarƙashin randa. Bayan 'yan kwanaki ta kwance ta duba wanda ya tsira da wanda ya ƙi. Maƙwabta suna ce mata mai wahalar da kai, amma shekarar da ƙwari suka shiga rumbunan unguwarmu, ƙofarta aka yi wa layi neman iri.

Kwamfutar da na fara gani a wani shago ce a Karaye, inda ake buga wa mutane takardu. Mai shagon yana ajiye aikinsa a wani ɗan faifai mai kusurwa huɗu, wanda zafi kaɗan ke lalatawa. Ranar da na ga ya dafe kai saboda faifan ya ƙi buɗewa, Gafiya ce ta faɗo min a rai. Daga baya na tafi Kano na karanci kwamfuta. A idona faifan nan ya wuce, aka koma faifan sidi, aka koma filashi, yau kuma ana tura komai ma'ajiyar intanet. Abokan karatuna duk sun raja'a kan rubuta manhaja, yanzu ma ƙannenmu ba su da zance sai injin da ke amsa tambaya kamar mutum. Ni na zaɓi tsaron bayanai da ajiyarsu, aikin da ba a yi wa tafi. Suka sa min suna mai gadin rumbu, na ce na karɓa.

Aikina na farko na kirki a wani asibiti ne, kuma a matsayin ɗan gwaji aka ɗauke ni. Duk bayanan marasa lafiya suna cikin babbar kwamfuta ɗaya da muke kira saba: rukunin jinin mutum, maganin da yake sha, da wanda jikinsa ba ya karɓa. Masu haɗa tsarin sun saita shi yana kwafe komai da kansa, kullum da safe ya nuna alama koriya cewa an ajiye. Kowa hankalinsa a kwance. Ni nawa ya ƙi kwanciya, domin ba wanda ya taɓa buɗe kwafin nan ya ga abin da ke ciki.

Na sami shugaban sashenmu, Injiniya Bala, na roƙi a tsayar da saba na rabin yini ranar Asabar in gwada.

Ya ce, "Sani, inji ya ce maka kore. Me kuma kake nema?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban tauna ba."

Ya kalle ni kamar na zare. Da na yi masa bayani, sai ya ce, "Za ka sa ma'aikatan jinya su koma biro da takarda saboda tatsuniyar kakarka. To, yi. Amma in ka tsayar mana da aiki a banza, takardar tabbatar da kai ba za ta ga sa hannuna ba."

Gaskiya na ji tsoro, ga shi matata tana da tsohon ciki a lokacin. Asabar ta zo, na buɗe kwafin. Sunayen fayil sun jeru reras, kowanne da ranarsa. Na buɗe na farko, fayau. Na biyu ma haka. Wata da watanni injin yana ajiye ɓawo yana nuna mana kore. Injiniya da ke tsaye a bayana ya ce, "Me kake bukata?"

Na raba ajiyar gida uku: ɗaya a ɗakin kwamfutarmu, ɗaya a wani gini daban, ɗaya a intanet, kuma duk wata sai mun buɗe mun gwada. Daminar shekarar ba ta fita ba tsawa ta faɗa wa layin wutarmu da hantsi, saba ta ƙone ƙurmus. Ina cikin haɗa wata sabar, sai wata ma'aikaciyar jinya ta shigo da gudu. An kawo yaro mai sikila a galabaice, uwarsa ta san akwai allurar da ta taɓa kumbura shi amma ta manta sunanta. Na buɗe kwafin da muka gwada makon da ya wuce, na karanto mata. Kafin azahar asibiti ya koma aiki, yaron kuma ya koma gida da ƙafarsa bayan kwana huɗu. Ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar ranar ba.

Iya Kulu ta rasu kafin wannan, Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, ko wayar hannu aka miƙa mata sai ta riƙe ta nesa da kunne tana ɗaga murya. Amma a bangon ɗakin kwamfutar asibitin nan, a jadawalin aiki, Asabar ɗin farko ta kowane wata an rubuta mata "Gwajin Iya Kulu", kuma da hannun Injiniya Bala. Duk sabon ma'aikaci sai ya tambayi wace ce, ni kuwa ba na gajiya da faɗa.

Abin da ke ci min rai shi ne, ni mai gadin rumbu ban ɗauki muryarta ba ko sau ɗaya. Tatsuniyar a kaina kaɗai ta zauna shekara da shekaru, rami ɗaya irin na Gafiya. Shi ya sa na ba 'yata Ummi, na ba yaran da nake koya wa aiki, ga shi kuma na rubuta. Ran Juma'a bayan magariba nakan zuba wa Ummi gyaɗa in ce ta maimaita min, in ji ko akwai abin da ya zube. Makon jiya ta kai inda ruwa ya ci ramin Gafiya, ta tsaya ta ce, "Baba, wa ya fi wayo?" Na ce Kurege. Sai ta yi min tsaki, irin na Iya sak.