Jirgin da Kaka Take Kira Babur

Bayan magariba Kaka Dije kan hura gawayi a rufin gidanmu na unguwar Tandabawi a ƙasa mai tsarki, ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Yaran maƙwabta suna shan labarin kura da zomo, mu kuwa jirgin kwal ake ɗura mana kullum kamar magani.

"Ku matso, ku riƙe kamanninsa," haka take farawa. "Baƙi wuluk, bututun hayaƙi ɗaya mai jan zobe, rumbunan kwal huɗu a cikinsa. Da can daga ƙasar Turawa yake lodi, da ya tsufa aka bar shi yana jigila a Bahar Maliya. Sunansa Babur."

Mu yi ta ƙyaƙyata dariya, wai babur a kan ruwa. Ita ko murmushi ba ta yi.

A gaɓar Sudan ta same shi, tana hanyar Hajji da yayarta da ɗanta na fari, Sani. Mai jirgin kan ɗora alhazai a kan tulin kwal. Turereniya ta tura Kaka sama, Sani yana goye a bayan yayar a ƙasa. Sai mai jirgin ya leƙa layin iyakar lodi da aka zana a jikin jirgin, ya ga ruwa ya kai, ya sa aka janye tsani. Aka ce zai dawo ya kwashi saura. Tana kuka ta riƙe wani matuƙi ta tambayi sunan jirgin, ya ce mata babur.

Duk shekara sai ta je Jidda ta tsaya a bakin tashar jiragen ruwa. "Ya waladi, ɗana, Babur ya dawo?" Masu gadi su ce wanne? Ta dawo tana cewa mutanen Jidda ba su da tausayi.

Ta rasu kafin na je tashar da kaina. Wani tsohon ɗan dako ya saurari kamannin har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, a bakinmu duk jirgi mai hayaƙi babur ne. Irinsu kuwa an daɗe da sare su aka sayar da ƙarfen."

A mota na yi kuka. Ashe ba hira take yi mana ba, aikenmu take yi, ga shi ban san ta inda zan fara ba. In Baffa Sani yana raye, yanzu tsoho ne a wani gari, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa uwarsa ta yi ta neman sauka daga jirgin nan ta koma gare shi.