Haruffa Masu Ƙugiya

Da na gama koyon bugun takardu a Yamai, yayana, mai motocin ɗaukar albasa, ya buɗe mini shago a Ƙonni kusa da tasha, ya sa mini tsohuwar kwamfuta. Na'urar ba ta san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. In malaman yaƙi da jahilci sun kawo darasin Hausa, sai in buga, sannan mu bi da biro muna yi wa haruffa ƙugiya. Abin yana ba ni kunya.

Malamina na Yamai ya taɓa ba ni faifan wata manhaja ta kyauta wadda kowa ke iya gyarawa, da sharaɗin in zai ba wani, ya bar gyaran a buɗe. Na yi damina guda ina lalube, ina ɓatawa ina sakewa, har haruffan suka fito daidai.

Labari ya bazu. Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, daga Malbaza ya zo ya roƙa, na kwafa masa.

Yaya ya ji, ya same ni a shago.

"Ke, mi na ji? Ki kulle abin nan. Duk mai so ya zo nan a buga mishi, ko ya saya. Kuran ɗin shagon ga kyauta ake ba mu?"

"Yaya, ni ma kyauta na samu, kuma da sharaɗi."

"In kin kulle, su wa za su gane ki daga can Yamai?"

"Ni na sani ai."

Maganar kuran, wato kuɗin wutar lantarki, gaskiyarsa ce, amma na ƙi kullewa. Ya yi fushi, ya ce daga yau in riƙe shagon da kaina.

Sai na sauya dabara. Ranar kasuwa nakan rufe shago in shiga mota zuwa Illela ko Badagishiri, in sa wa buro-buro, wato ofisoshi, manhajar kyauta, amma koyarwa da gyara a biya ni. Wasu suka karɓa, ban ƙara ganinsu ba. Wani ma na ji yana sayar da ita a bakin iyaka. Ya yi mini zafi, ban fasa ba.

Da rani, wata sakatariya daga Illela ta aiko mini da faifai: ta gano babbar Ɗ tana ɓacewa wajen bugawa, ta gyara. Gyaranta na sa a tawa kwamfutar.

Shagon bai mutu ba. Yaya bai taɓa cewa na yi daidai ba. Har yau in maganar ta taso, taurin kai yake kiranta.