Shekarar da Taki Ya Fi Ƙarfinmu

Gonaki biyu mahaifinmu ya bar mana. Ɗaya tana nan bayan gari, ta gaji tiɓis, in ba a zuba mata takin zamani ba masara ko gwiwa ba ta kaiwa. Ɗayar tana can cikin daji ta wajen Kakangi, ƙasa baƙa wuluk, ba ruwanta da taki. Ita muka bari tun da 'yan bindiga suka ɗauke maƙwabcinmu yana tsakiyar huɗa. Yayana ne ke noman da muke ci gaba ɗaya gidan. Ni malamar firamare ce, kuma kowa ya san bakina ba ya shiru a kan siyasa.

Lokacin zaɓe ni ce mai bi gida-gida ina jan mata zuwa rumfa. Na yarda da ɗan takararmu har zuciyata. Ya yi maganar talaka, ya yi maganar manomi, ya ce taki zai zo da rahusa. Da ya hau aka janye tallafin mai, kaya suka yi tashin gwauron zabi, na ce wa matan unguwa su ƙara haƙuri, gyara ne, abin da aka janye zai dawo mana ta kasafin kuɗi.

Sai ga kasafin. A ofishin hedimasta muka ji a rediyo, wai an kai ruwa rana da 'yan majalisa, daga ƙarshe an daidaita, kowa ya sassauta. Na ce wa ya sassauta? Wanne daga cikinsu ya sauko daga motarsa? Malamin lissafi, wanda tare muka yi yawon neman ƙuri'a, ya ce, “Malama, haka mulki yake, sai an ba da wani abu ake samun wani.” Na ce to don me kullum daga tukunyarmu ake ɗibar abin bayarwar? Da wanda muka ƙi ne ya yi mana haka, wallahi da ko a jikina. Amma wanda ka sha rana dominsa, shi ne mai ciwo. Ranar ko darasin kirki ban yi wa yara ba.

Damina ta kama. Takin tallafi labarinsa kawai muka ji. Yaya ya je kasuwa ya taya buhun taki, ya dawo hannu banza, ya zauna yana kallon iri. Albashina kuwa ba ya ganin ƙarshen wata.

Wata safiya na leƙa sashensa na tarar yana ɗaure garma a bayan wani tsohon keke, ga babur a jingine.

“Yaya, keke kuma? Babur ɗin fa?”

“Babur suke fara hangowa,” ya ce, bai ɗago ba.

Nan take na gane inda za shi. Na ce wallahi ba za ka shiga dajin nan ba.

“To 'yar siyasa, sai ki dafa wa yara kasafi su ci.” Ya yi 'yar dariya. “Mutane suna shiga. A je da hantsi, a fito kafin la'asar. Allah ne mai tsarewa.”

Na yi faɗa, na yi magiya, har na ce zan sayar da 'yan kunnena a sayi taki. Ya ce ko rabin gonar ba za su ciyar ba, kuma gaskiyarsa ce. Sai ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙo mini.

“Ungo, goge lambarki.”

Na ce don me?

“Duk mai shiga daji haka yake yi yanzu. In suka kama mutum, waya suke fara dubawa. Suka ga akwai mai cin albashin gwamnati a dangi, shi ke nan an ɗora wa gida abin da ba zai iya ba. Ni kuma Malama na sa wa lambarki.”

“To ka bar ta a gida mana.”

“Da ita muke sanar da juna in an ji ƙarar babura.”

Na goge. Ban taɓa jin haushin gwamnati kamar na wannan lokacin ba, kuma ba wanda zan sauke wa. Ya karɓa, ya hau kekensa ya tafi.

Har aka yi girbi ban kira shi da rana ba ko sau ɗaya, ko da la'asar ta wuce bai dawo ba. Tsorona kada wayar ta yi ƙara a hannun wani.